Kafin A Yanka Ragon Suna

Kowa ya san yadda gida ya ke idan an yi haihuwa a ƙasar Hausa. Da an ji kukan jariri sai a aika a kira ungozoma, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, a ɗora ruwan wanka a babbar tukunya. Mata su yi ta shigowa barka. Maigida kuwa ya shiga neman rago da goro da itacen wanka, ba shi da sauran sukuni sai ranar suna ta wuce. Kwanakin nan bakwai kwanakin murna ne, amma duk tsohuwar da ta daɗe a duniya ta san kwanakin zaman ɗar-ɗar ne kuma. Sau da yawa a kan sayo rago a ɗaure, kafin ranar ta kewayo wanda aka saya dominsa ya koma. Sai a naɗe shi cikin ɗan ƙyalle, maza biyu ko uku su kai shi makwancinsa, a dawo a ce wa uwar ta yi haƙuri, bai zo da zama ba, in ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Babu laifi ga wannan ta'aziyya, gama mai jego ba ta da abin da ya fi ta a ranar. Amma akwai abu guda da ta kan rufe. Yaron da ya koma kafin suna ba ya shiga lissafin kowa. Mai unguwa ya kan san an yi haihuwa ne sa'ad da goron suna ya iso hannunsa, wanda ya mutu ran kwana uku kuwa ba a raba masa goro. A zamanin En'e malaman hakimai su kan fita kowace shekara da manyan littattafai, su rubuta kowane baligi mai biyan haraji, su bi rugage su ƙidaya shanu saboda jangali. Saniya tana da gurbi a takarda, jaririn kwana uku ba shi da shi. Ko cikin 2018, da aka bincika, an tarar cikin kowane yara 100 da ba su kai shekara biyar ba a Nijeriya, 43 ne kaɗai aka yi wa rajistar haihuwa. Waɗannan fa rayayyu ne, balle waɗanda suka wuce.

Abin da ba a ƙidaya ba, sai a zaci ko'ina haka ya ke. Mutumin da ya tashi ya ga uwarsa ta binne huɗu cikin tara, matar wansa ta binne uku, maƙwabta ma haka, zai ɗauka haka duniya ta ke tun daga gabas har yamma, mutuwar jarirai tana sauka kamar raɓa, ba ta zaɓen gona. Ashe ba haka ba ne. Tana da garuruwan da ta ke yada zango, tana da waɗanda ta kan ratsa kawai ta wuce. Ajali na Allah ne, ba mai musun wannan. Ruwan sama ma na Allah ne, amma manomin da ya ga gonar tudu ta bushe ta fadama ta yi kyau ba ya cewa babu dalili, ya kan sunkuya ya duba ƙasar.

To, yaya aka yi aka ƙidaya waɗanda ba a rubuta ba? Dabarar ita ce a tambayi iyaye mata, gama uwa ba ta manta cikin da ta ɗauka ko da kowa ya manta. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta kan aika ma'aikata, bayan 'yan shekaru, su shiga gidajen da aka zaɓa a birni da ƙauye, su zauna da mace su ce ta lissafa haihuwarta ɗaya bayan ɗaya, wane ne ke raye, wane ne ya rasu, yana da kwana nawa. Cikin 2018 an tambayi mata wajen 42,000. Da aka haɗa amsoshinsu sai aka ga cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba su kan cika kwana 28 ba. A duniya gaba ɗaya, bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, jarirai wajen miliyan 2 da dubu 300 ne suka mutu cikin watansu na fari a 2022, kuma kusan uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa cikin makon fari ta ke faruwa, watau daidai kwanakin da rago ke ɗaure.

Da aka shimfiɗa lissafin 2018 a kan taswira sai abin ya fito sarari. Idan yaran da ba su kai shekara biyar ba aka duba, a Jihar Ogun 30 ne ke mutuwa cikin 1,000, a Jihar Kebbi kuwa 252. Ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, kuɗi iri ɗaya a kasuwa. Wajen jarirai sababbin haihuwa ma yankin Arewa maso Yamma ne a gaba, watau ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Kaduna, kuma ƙauye ya fi birni. Gaskiya ne tazarar ba ta kai ta manyan yara faɗi ba, don birni ma bai tsira ba. Sai dai a tuna a ƙauye ne aka fi samun jaririn da ya yi numfashi kaɗan ya tafi, aka ce da ma bai zo da rai ba, bai shiga lissafin ba sam.

Akwai wani abu cikin lissafin nan da ya isa a tsaya a kansa. Cikin 1990 yara 193 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar a Nijeriya, cikin 2018 sun koma 132. An sami sauƙi ke nan, ko da ya ke da saura. Amma jariran watan fari, cikin 1990 su 42 ne, cikin 2018 su 39. Shekara ashirin da takwas, uku kacal aka rage! Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya zauna ƙauye. Abin da ke tsare yaron da ya fara rarrafe, kamar allurar ƙyanda da gidan sauro da maganin zazzaɓi, ana iya ɗauko shi daga birni a kai ƙauye ran da aka ga dama. A jira rani, hanya ta bushe, a gaya wa dagaci, maroƙi ya yi shela, mata su taru gindin bishiya, a yi wa yara ɗari allura kafin azahar a koma. Naƙuda kuwa ba ta da ranar kasuwa. Ta kan zo tsakar dare cikin watan Agusta, sa'ad da rafi ya kawo, kuma taimakon da jariri ke bukata a wurin ya ke bukatarsa, a sa'ar nan.

A ce ga wani magidanci a ƙauyen da ke ƙetaren fadama, mil goma sha biyu daga garin hakimi inda asibiti ya ke. Matarsa ta fara jin ciwo tun la'asar, ba ta gaya wa kowa ba, don kunya, kuma don an koya mata tun tana budurwa cewa mace ta ƙwarai ba ta raki a kan gwiwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama binciken 2008 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya uwar ita kaɗai ce a ɗaki, babu ko ungozoma, kuma mafi yawansu a Arewa ne. Sai dare ya raba uwar miji ta lura abin ya daɗe. A ta da maigida. Shi kuma ya tsaya shawara, ko a ba ta rubutu a ƙara dubawa zuwa asuba, domin hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ba shi da abin sayarwa sai akuya, ba a kuwa sayar da akuya da tsakar dare. In ya yanke shawara, sai neman mai babur. In an sami babur, sai rafi. Mutanen tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri su kuma sai kwalekwale. In an isa, watakila a tarar ɗakin shan maganin da ke kusa a kulle, ko a tarar da ma'aikaci ɗaya ba fitila, a ce a wuce gaba. Masana sun daɗe da lura da wannan jinkiri hawa uku, na gida da na hanya da na bakin asibiti, kuma kowanne daga cikinsu nisa ne ke ƙara masa tsawo. Ba mamaki cikin 2018 mata 16 ne kaɗai cikin 100 suka haihu a asibiti a Arewa maso Yamma, alhali a Kudu maso Gabas sun haura 80.

Wanda ke zaune a gari ya kan yi saurin cewa jahilci ne. A yi hattara da wannan magana. Mutumin da ya san hanyar nan, ya san abin da za a caje shi, ya taɓa ganin an kai wata an dawo da gawa, in ya yi jinkiri lissafi ya ke yi, ko da lissafin ya ɓace masa.

Nisan da ke kashe jariri ba da mil a ke auna shi ba, da minti ne. Jaririn da ya wahala wajen fitowa, ya faɗo bai yi kuka ba, yana bukatar a goge shi a murza bayansa, in bai motsa ba a hura masa iska da wata 'yar jakar roba, duk cikin minti na fari. Asibitin da ke mil biyu da wanda ke mil ɗari duk ɗaya ne gare shi, in babu hannun da ya iya a cikin ɗakin. Sai kuma bakwaini da ɗan ƙaramin jariri, waɗanda sanyi ne babban abokin gabansu. Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. In aka bar shi a ƙasa a jiƙe ana jiran ungozoma ta iso, sa'an nan aka yi masa wanka nan take, ga hunturu na shigowa ta ƙarƙashin asabari, ya yi hasarar abin da ba shi da shi. Shi ya sa likitoci ke cewa a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a rufe su tare, a jinkirta wanka sai ya kwana ya yini, a kuma ba shi dakashi, nonon nan na fari mai kauri da waɗansu ke matsewa su zubar, alhali shi ne riga-kafinsa na fari.

Na uku shi ne cutar da ke shiga ta cibiya, kuma a kan wannan akwai labarin wani wuri mai nisa da ya kamata a ji, don babu inda ya fi shi nuna cewa mutuwar jarirai tana da mazauni. A yammacin ƙasar Sikotilan ta Birtaniya, can cikin teku, wajen mil 40 daga tsibiri mafi kusa mai mutane, akwai wani tsibiri da a ke kira Sen Kilda. Mutanensa talakawa ne ƙwarai, abincinsu tsuntsayen teku da ƙwansu, ga 'yan tumaki. Shekara da shekaru, kamar biyu cikin uku na jariran da aka haifa a tsibirin ba su kan yi mako biyu ba. Yaro zai zo lafiya lau, ya kama nono, ran kwana biyar ko shida ya saki, muƙamuƙinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, ya yi ta zabura har rai ya yi halinsa. Suna kiran abin ciwon kwana takwas. Har ta kai mata ba su ɗinka wa jariri tufa sai ya wuce kwanakin. Mai karatu ya ga ashe ba Hausawa kaɗai suka san zaman jiran mako ba. Ungozoma ma, a harshensu, matar gwiwa su ke ce mata.

Su dai sun sallama, sun ce haka aka ƙaddara musu. Baƙi masu zuwa cikin jirgin ruwa kuwa kowa da nasa zato, wani ya ce hayaƙin ɗaki ne, wani ya ce cin tsuntsu ne, wani ya ce auren dangi. Abin da ya hana a bar maganar shi ne a cikin manyan garuruwan ƙasar ba a ganin ciwon da wannan yawa, saboda haka lalle akwai wani abu a tsibirin. Daga baya wani limamin cocinsu mai suna Angus Fiddes ya tafi birnin Gilasgo ya nemi shawarar likitoci, ya komo da tsabtataccen ƙyalle da hodar kashe ƙwayoyin cuta ta sa wa cibiya. Ya sha fama kafin tsofaffin mata su yarda. Daga 1891 ba a sake binne jariri da ciwon kwana takwas ba a Sen Kilda. Sai dai taimakon ya zo a makare, jama'ar ta riga ta ƙaranta, kuma cikin 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage, tsibirin ya zama kufai.

Ciwon nan shi ne wanda a ke kira sarƙe-haƙora, ko da ya ke jariri ba shi da haƙoran da za su sarƙe. Ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, ta kan daɗe ba ta mutu ba, kuma ta cibiya ta ke shiga, ko daga tsohuwar reza ko aska, ko daga zaren ɗauri, ko tsumman gashi, ko toka da sauran abin da a kan barbaɗa don cibiya ta yi saurin faɗuwa. Don haka ta fi yawa inda mutum da dabba ke kwana tsakar gida ɗaya, inda kuma a ke haihuwa a kan daɓe. Cikin 1988 an kimanta ta kashe jarirai 787,000 a duniya, cikin 2018 kuwa 25,000, saboda allurar da a ke yi wa mata masu ciki, wadda kariyarta ke ratsawa daga uwa zuwa ɗa. Abin lura a nan shi ne sharaɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa. Ba ta shaida wa ƙasa cewa ta rabu da ciwon sai an tarar bai kai jariri ɗaya cikin 1,000 ba a kowace gunduma, ba a ƙasa jimla ba. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa, gama jimla ta kan ɓoye ƙauye kamar yadda babbar riga ke ɓoye rama. Gana ta sami shaidar cikin 2011, Nijar cikin 2016. Nijeriya kuwa yanki yanki aka bi ta, aka fara da Kudu maso Gabas cikin 2017.

Ba sarƙe-haƙora kaɗai ke bin wannan ƙofa ba, akwai waɗansu ƙwayoyin da ke sa cibiya ta yi ja ta yi ruwa, cutar ta bi jini, jariri ya yi laushi ya daina tsotso. Cikin 2013 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara raba wani man shafa wa cibiya mai suna kuloheksidin, tare da ƙwayoyin tsai da jini bayan haihuwa, ta hannun mutanen gari amintattu a mazaɓunta 244. Hikimar abin ita ce an yarda da gaskiya, cewa yawancin matan ƙasar a gida za su haihu, to, maganin ya je ya same su a can.

Amma man shafawa ba ya hura wa jariri iska, ba ya kuma gane bakwainin da ya fara sanyi. Wannan sai mutum. Inda aka gwada sa mutumin a cikin ƙauye aka kuma auna sakamakon sosai shi ne wata gunduma ta daji a Jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, sunanta Gadchiroli, wadda talaucinta da nisan asibitinta ba za su zama baƙo ga mutumin ƙauyen Zamfara ba. Waɗansu likitoci biyu, miji da mata, Abhay Bang da Rani Bang, suka zauna a can. Abin da suka fara yi ba magani ba ne. Daga 1993 zuwa 1995 ƙidaya suka sa aka yi, kowace haihuwa da kowace mutuwar yaro a rubuta, har a kan koma gida gida bayan wata shida a ga ko an tsallake wani. Da haka suka san cikin jarirai 1,000 na ƙauyukan, 62 ke mutuwa cikin watan fari.

Sa'an nan suka zaɓi mata a ƙauyuka 39, 'yan garin, waɗanda karatunsu bai wuce shekara biyar zuwa goma ba. Iyakarsu dai sun iya karanta takarda su cika ta, abin da duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya san daɗinsa. Aka koya musu su ziyarci mai ciki, su tsaya tare da ungozomar gari ran haihuwa ba tare da sun ƙwace mata aiki ba, su hura wa jaririn da bai yi kuka ba iska, su auna nauyinsa da zafin jikinsa, su yi ta dawowa cikin kwanakin fari suna rubuta abin da suka gani. In alamun cuta sun cika yadda takarda ta faɗa, su ba da magani har da allura, likita kuma yana zagayowa yana duba littattafansu. Likitocin birni da yawa ba su so wannan ba, suna ganin allura ta fi ƙarfin matar ƙauye.

Zuwa 1998, a ƙauyukan nan 39, mutuwar jarirai ta sauko daga 62 zuwa wajen 26 cikin 1,000. A ƙauyuka 47 na maƙwabta, inda aka ci gaba da ƙidaya amma ba a sa irin matan nan ba, lissafin bai motsa ba. Daji ɗaya ne, damina ɗaya, kuma asibitin gunduma bai matso kusa da kowa ba ko da taki ɗaya. Aka buga sakamakon cikin 1999, kuma cikin 2011 Gwamnatin Indiya ta umarci matan da ta ɗauka aikin lafiya a ƙauyukan ƙasar su riƙa shiga gidan kowace mai jego a ranakun da aka ƙayyade, tun daga makon fari har kwana 42, kowace da ma'auninta da takardarta.